Little Martin LX1E: ƙaramar jitar da Ed Sheeran ya fara suna da ita, da abin da za ta yi wa mai saye

Duk wanda ya ga hotunan Ed Sheeran na farkon tashensa ya ga wannan jitar, ko da bai san sunanta ba. 'Yar ƙarama ce, mai kallo zai ɗauka ta yara ce, ga ta rungume a ƙirjin wani saurayi mai jan gashi. Sunanta Little Martin LX1E. Kamfanin C. F. Martin ne ke yin ta, tsohon gidan jita da aka kafa a Amurka tun 1833, wanda cibiyarsa ke garin Nazareth a jihar Pennsylvania. Sai dai ita wannan ba a can ake haɗa ta ba, a masana'antarsu ta Navojoa da ke Meziko ake yi. Kuɗinta a Amurka yana yawo ne a wajen dala 500, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, wannan ba abin wasa ba ne, don haka gara mutum ya san abin da zai saya tun bai sa hannu a aljihu ba.

Ra'ayinmu a kanta shi ne jitar aiki ce: a jona ta da lasifika, a doke ta, a saɓa ta a yi tafiya. A wannan fannin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma wanda yake son murya mai kauri da za ta cika falo ba tare da lantarki ba, idan ya saye ta don sunan Sheeran kawai, zai yi da-na-sani tun a makon farko.

Yadda ta dace da rayuwar mai ita

An haifi Sheeran ranar 17 ga Fabrairu 1991 a Halifax, ya tashi a Framlingham, wani ƙaramin gari a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila. A 2008 ya koma Landan neman sa'a a waƙa. Ba shi da makaɗa, ba shi da mota, yana bin ƙananan wuraren wasa ɗaya bayan ɗaya, yau ya kwana a kujerar falon wannan aboki, gobe ta wancan. Mai irin wannan zama jitar da yake buƙata ita ce wadda za ta shiga bas da jirgin ƙasa ba gardama, ta sha gogayya ba ta tarwatse ba, in kuma ta mutu a iya maye gurbinta ba sai an ci bashi ba. Da wannan ƙaramar Martin ya yi ta yawo har faifansa na farko mai alamar + ya fito a 2011, kuma har sunaye ya raɗa wa jitocin nasa, irin su Nigel da Lloyd da Felix da Cyril.

Abin da ya bambanta shi da sauran mawaƙa shi ne tsayawa a dandali shi kaɗai, daga shi sai jita sai na'urar maimaita sauti da yake takawa da ƙafa. Haka ya yi dare uku a filin Wembley a watan Yulin 2015, filin da ke cin mutum 90,000 ranar ƙwallo, haka kuma ya rufe babban bikin waƙa na Glastonbury a 2017. Wanda ya san yadda mai kuntigi ke riƙe taro da tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin wannan ba. Da yawa daga masu sauraro a Najeriya da Gana sun ƙara saninsa ne ta waƙoƙin da ya yi da Fuse ODG da Fireboy DML da Burna Boy, amma tushen sana'arsa yana nan, a mutum ɗaya da ƙaramar jita. Idan aka fahimci haka, za a fahimci me ya sa abin da wasu ke kira aibin LX1E shi ne ainihin amfaninta a wurinsa.

Abin da aka haɗa ta da shi

Tsawonta gaba ɗaya kusan santimita 86 ne. Tsawon tsirkiya daga ƙaramin jakin sama zuwa jakin da ke kan fuska inci 23 ne, wato milimita 584, alhali babbar Martin da aka saba gani tana da inci 25.4. Faɗin wuya a sama kusan milimita 43 ne, daidai da na manyan jitoci da yawa, shi ya sa yatsun babban mutum ba sa cushewa ta gefe, sai dai ta tsawo. Ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da aka gicciya inda yatsu ke dannawa, 20 ne, 14 daga ciki suna waje kafin wuya ya haɗu da jiki.

A jikinta, fuskarta ce kaɗai katako na gaske, falle ɗaya na icen spruce na Sitka, kuma daga nan ne duk daɗin muryar yake fitowa. Baya da gefe kuwa wani abu ne da kamfanin ke kira HPL, takarda da gam da aka matse da zafi, aka buga zanen katako a sama. Ɗan'uwan fomikar da kafintoci ke mannawa a kan tebur ne. Wuyan siraran fallayen katako ne da aka manne, idan ka juya bayansa za ka ga layi-layi. Allon da yatsu ke dannawa da jakin ƙasa su ma ba katako ba ne, Richlite ne, wani haɗin takarda da gam mai baƙi da tauri.

Masu son katako zalla sukan taɓe baki idan sun ji wannan, amma mu muna ganin zaɓi ne mai hankali. HPL ba ya kumbura, ba ya ƙanƙancewa, gumi da ƙura ba sa yi masa komai, tsumma mai ɗan laima ya ishe shi. Wuyan mai fallaye kuma da wuya ya karkace. Rauninsa ɗaya ne: ba ya lotsawa kamar katako, fashewa yake yi. Idan jitar ta faɗi ta kusurwa a kan siminti, gefen zai iya tsagewa kamar tangaran, kuma gyaransa yana ba masu gyara wahala, domin gam ɗin katako ba ya kama shi sosai. Sannan gefen fuskar ba shi da ɗaurin kariya, katakon a fili yake, duk ƙaramin bugu sai ya bar tabo.

Murya ba tare da lantarki ba

Muryarta tsakiya ce. Siraran tsirkiyoyi suna fita tas, na tsakiya suna da ƙarfi da ɗan ƙamshin akwati, masu kauri kuwa muryarsu ba ta da nauyi. Ba laifin kowa ba ne, ciki ne ƙarami, iskar da ke cikinsa ba ta isa ta ɗauki sauti mai zurfi ba. Sautin yana fita da sauri ya mutu da sauri. Idan ka kaɗa da yatsu a hankali cikin ɗaki, tana da daɗi ƙwarai, tana kuma barin wa muryar mai waƙa fili. Idan ka ƙara ƙarfin hannu, akwai iyakar da take kaiwa ta tsaya, daga nan duk ƙarfin da ka ƙara sai ya zama hayaniya, ƙarar ba ta ƙaruwa. A tsakar gida da mutum ashirin suna tafi, za ta nutse.

Idan aka ajiye ta kusa da Taylor GS Mini, wadda tsirkiyarta inci 23.5 ce kuma cikinta ya fi girma, Taylor ta fi ta cika da zurfi, ba ja. Wanda ba zai taɓa jona jitarsa da lasifika ba, Taylor ɗin ta fi masa.

Idan an jona ta

A nan ne take nuna kanta. Harafin E da ke ƙarshen sunan yana nufin tana da na'urar ɗaukar sauti. Na yanzu suna zuwa da Fishman Sonitone, wato siririn zare mai jin girgiza da aka shimfiɗa ƙarƙashin farin sandan da ke kan jaki, da ƙananan tayoyi biyu a bakin ramin fuska, ɗaya na ƙara, ɗaya na launin murya. Tsofaffin, irin na zamanin da Sheeran ke yawo da ita, suna da Fishman Isys T, wanda aka huda gefen jitar aka dasa, har da na'urar saita tsirkiya a jikinsa. Masu wasa a dandali da yawa sun fi son tsohon saboda wannan na'urar, da kuma maɓallin da ke rage kukan lasifika.

Ga dalilin da ya sa ƙaramin ciki ya zama alheri. Mai amfani da na'urar maimaita sauti hawa-hawa yake gina waƙa. Da farko ya danne tsirkiyoyi da tafin hannu ya buga kusa da jaki, ya sami abin da zai tsaya a madadin babbar ganga. Sai ya mari tsirkiyoyin don sautin ƙaramar ganga. Sai ya ɗora kod, wato sautin tsirkiyoyi da yawa da aka kaɗa tare, ya ɗora layin tsirkiyoyin ƙasa, daga baya ya ƙara muryoyi ta makirufo na biyu. Kowane hawa yana zuwa da nasa nauyin sautin ƙasa. Da babbar jita, kafin a kai hawa na biyar komai ya dagule ya zama kunu, ba a jin kowane sauti daban. Da LX1E kowane hawa siriri ne, sai su jeru ba tare da sun danne juna ba. Haka nan babban ciki yana kama sautin lasifikar da ke gaban mawaƙi ya mayar, sai a ji wannan kukan mai huda kunne. Ƙaramin ciki yana jure ƙara sosai kafin ya fara hakan.

Amma na'urar tana da halinta. Tana ƙara wa sauti wani kaifi mai kama da roba idan aka doka da ƙarfi. Maganinsa a mayar da tayar launin murya wajen rabi, a kan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, kuma a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz (Hz shi ne ma'aunin zurfi ko kaifin sauti), tunda tsirkiya mafi kauri a wajen 82 Hz take, a ɗan rage yankin 300 zuwa 500 Hz inda ƙamshin akwatin yake zaune, a ɗan rage tsakanin 1,000 da 2,500 Hz inda kaifin yake. Idan wayar za ta wuce mita biyar ko shida kafin ta kai mikisa, a sa akwatin DI, ƙaramar na'urar da ke daidaita sautin jita don doguwar waya, a tsakani, in ba haka ba za a ji gurnani. Bugun da aka yi kusa da jaki yana shiga na'urar da kyau, wanda aka yi a kafaɗar jita ko a gefe da kyar ake jin sa, saboda zaren jaki kawai yake saurare.

Batir ɗinta mai bolt 9 ne, kuma abin da ke kashe shi ba kaɗawa ba ce, barin waya a jone ne. Muddin kan wayar yana cikin jitar, na'urar a kunne take ko ba a taɓa tsirkiya ba. Wanda ya bar ta a jone daga Lahadi zuwa Lahadi zai tarar da batir ya tafi. Alamar batir mai rauni ita ce sauti ya fara karcewa idan an doka da ƙarfi, tun kafin ya ɗauke. Mutane da yawa sukan zargi waya ko amfilifaya a nan, alhali batir ne.

Tsirkiya da saiti

Kuskuren da sababbin masu ita suka fi yi shi ne sa mata siraran tsirkiyoyi don a sami taushi. Kamfanin da masu matsakaicin kauri yake fitar da ita, daga .013 zuwa .056, kuma da dalili. Gajeriyar tsirkiya ba ta buƙatar ja sosai kafin ta kai sautin da ake so. Idan aka yi lissafi, a inci 23 ƙarfin ja yana raguwa da kusan kashi 18 cikin ɗari in an kwatanta da inci 25.4. Wato .013 a kan wannan jitar tana jin hannu kusan kamar .012 a kan babba. Idan ka sa .011 ko .010, tsirkiyoyin za su saki, su riƙa dukan ƙarafan wuya, muryar da dama ba ta da kauri ta ƙara ramewa, sannan duk kod ɗin da ka danna da ƙarfi sai ya haura sama da inda ya kamata. Mafari mai ciwon yatsu zai iya sauka zuwa .012, kada ya wuce nan.

Gajeren wuya ba ya yafe kuskure. Ɗan juyin kunnen ɗaure tsirkiya kaɗan yana sauya sauti fiye da yadda zai yi a babbar jita, kuma kafo, wato matsen da ake ɗorawa a wuya ya danne duk tsirkiyoyi, idan ya matse da yawa yana sa sautinsu ya haura. Sheeran yana yawan amfani da kafo, masu koyon waƙoƙinsa ma haka, don haka a nemi irin wanda ake saita matsinsa da kusa, a ɗora shi dab da bayan ƙarfen wuya, a matse daidai yadda zizar za ta ɗauke, a sake duba saiti bayan an ɗora. Wajen sa sababbin tsirkiyoyi, nadi biyu zuwa uku ya isa ga masu kauri, huɗu ga sirara, kowane nadi yana sauka ƙasa da na baya. A ɗan lanƙwasa ƙarshen mai ƙwallo kafin a zura a ramin jaki, don ƙwallon ya maƙale a allon ciki maimakon ya zauna a bakin turken ya riƙa tunkuɗo shi waje. Bayan an ɗaure, a ja kowace tsirkiya a hankali sau uku ko huɗu ana sake saitawa.

Sau da yawa tana fitowa daga kwali da tsirkiya a ɗan sama. Da rula ta ƙarfe ake aunawa, daga saman ƙarfe na 12 zuwa ƙasan tsirkiya: kusan milimita 2.4 ga mafi kauri, 1.6 zuwa 2 ga mafi siranta. Kafin a taɓa komai, a fara duba lanƙwasar wuya. A sa kafo a ƙarfe na farko, a danna tsirkiya mai kauri a na 14, a duba tazarar da ke saman na 7. Ya kamata ta zama wajen milimita 0.2, kaurin takardar A4 biyu ke nan. Idan ta fi haka, akwai sandar ƙarfe cikin wuya da ake juyawa ta ramin fuska da alanki mai milimita 5. Ɗaurewa yana miƙar da wuya, sassautawa yana ƙara lanƙwasa. Kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ake juyawa, a saita tsirkiya, a jira, a sake aunawa. Idan ta ƙi juyawa a bar ta, karya wannan sandar ya fi kowane gyara tsada.

Idan wuya ya daidaita amma tsirkiya tana sama, farin sandan jaki za a rage ta ƙasa. Ƙa'idar ita ce duk abin da kake son ragewa a ƙarfe na 12, ninkinsa biyu za ka cire: rabin milimita a can, milimita ɗaya a nan. A manna sanfefa a kan gilashi, a ja layi da fensir, a goga a miƙe. A nan ne aikin gaggawa yake ɓata jita, domin zaren ɗaukar sauti a ƙarƙashin wannan sandan yake kwance. Idan ƙasan bai zama shafal ba, wata tsirkiyar za ta yi ƙara a lasifika, wata ta yi shiru. Wanda bai taɓa yi ba, ya sayi sanda na biyu ya koya a kansa, ya ajiye na asali.

Hunturu

Wannan shi ne abin da mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram ya fi buƙatar sani, kuma masu bitar jita na Turai ba sa tsayawa a kansa. Martin na ba da shawarar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A ƙasar Hausa, daga Disamba zuwa Maris, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ita ce ke tsotse ruwan da ke cikin fuskar jitar. Matsalar LX1E ta musamman ita ce fuskar tana ƙanƙancewa, gefen HPL da aka manne ta a kai kuwa ko gezau. Katakon yana ja, abin da ke riƙe da shi ya ƙi biyo shi, ƙarshenta sai ya tsage, galibi daga bayan jaki zuwa ƙasa, yana bin layin icen.

Kafin ta tsage tana ba da sanarwa. Fuskar takan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su fara ziza a inda da ba sa yi, idan ka shafa katakon ka ji layukansa sun taso kamar kunya a gona. Wanda ya ga haka kada ya taɓa sandar wuya, ruwa jitar take nema.

Jakar da take zuwa da ita mai laushi ce, tana kare ƙura da ƙananan bugu, amma ba ta riƙe danshi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sami soso sabo, a jiƙa da ruwa mai tsabta, a matse har ɗigo ɗaya ba ya fita, a sa shi cikin robar sabulu ko ƙaramar leda mai zif da aka huhhuda, a ajiye cikin jakar kusa da ramin fuska ba tare da ya taɓa katako ba. Sai a zura jakar gaba ɗaya cikin babbar leda a ɗaure baki. A tsakiyar hunturu a duba soson duk bayan kwana biyu. Ƙananan fakitin daidaita danshi da ake sayarwa suna aiki, sai dai a irin wannan bushewa da jaka mai laushi suna ƙandarewa da wuri. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir ba shi da tsada, kuma ana iya gwada gaskiyarsa a gida: a cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, a rufe shi da ma'aunin cikin leda na awa takwas ko fiye. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara 5.

Da damina kuma abin yana juyawa, kamar yadda ƙofar katako ke kumbura ta ƙi rufuwa a watan Agusta. Fuska ta taso, tsirkiya ta yi sama, murya ta dushe, tsatsa ta kama. A cire soson, a goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa. Tsirkiyoyi masu rufi irin na Elixir ko Lifespan na Martin sun fi jure gumi. Zafi kuma abokin gaba ne na kowane lokaci: mota a rufe a rana ta isa ta sassauta gam, jaki ya ɗaga, fuska ta rabu da gefe.

Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, akwai 'yar'uwarta LXK2, wadda har fuskarta HPL ce. Muryarta ba ta kai ta LX1E daɗi ba, kuma yawanci ba ta zuwa da na'urar ɗaukar sauti, amma hunturu bai dame ta ba. Ga ɗalibi mai zama a hostel, muna ganin ta fi dacewa.

Idan ta hannu ce

Yawancin waɗanda za a samu a kasuwanninmu na hannu ne. A haska tocila cikin rami a ga lambar jitar a kan katakon da wuya ya shiga. A gwada zura takarda ƙarƙashin bayan jaki, idan ta shige jakin ya fara ɗagawa. A bi gaɓar fuska da gefe da farce ana neman inda ya buɗe. A ƙwanƙwasa fuskar da yatsa wuri-wuri, ƙarar kwas-kwas tana nufin wani katakon ciki ya saki. A duba farin sandan jaki: idan an riga an goge shi har ya kusa shafewa amma tsirkiya tana sama, wuyan ne ya faɗo gaba, a bar ta ko da araha. A ƙarshe a jona ta a kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya a ji ko ƙararsu daidai take.

Masu ɗauke da sunansa

Martin ta fitar da wannan jitar da tambarin Sheeran har sau uku, mai alamar + a 2013, mai x a 2015, mai ÷ a 2017, kuma rabonsa na kuɗin ya tafi ga gidajen kula da yara marasa lafiya na East Anglia, yankin da ya tashi. An daina yin su, masu tarawa sun sa kuɗinsu ya hau. Girman jiki da tsawon tsirkiya duk ɗaya ne da LX1E, don haka mai neman abin kiɗa ba ya buƙatar biyan kuɗin tambari. 

Shi kansa ya bar Martin. A 2013 Gary Lightbody na ƙungiyar Snow Patrol ya roƙi George Lowden, maƙerin jita na Arewacin Ailan, ya yi wata ƙarama don ya ba Sheeran kyauta. Daga nan zumunci ya ƙullu, har a Janairun 2019 suka fitar da jitoci masu suna Sheeran by Lowden, waɗanda ake haɗawa a gundumar Down. Girma biyu ne, W ƙarama mai tsirkiya milimita 610, da S mai ɗan girma mai 630. Fuskarsu katako ne falle ɗaya, spruce ko cedar, baya da gefe kuma fallayen katako na gaske guda biyar, ba HPL ba. In ban da masu lamba 01, suna zuwa da na'urar LR Baggs Element, wadda ta fi Sonitone taushi a kunne. W02 ita ce kishiyar LX1E kai tsaye, kuma ta fi ta zurfi da tsawon numfashi a fili ƙarara, sai dai kuɗinta yakan ninka, kuma hidimar hunturu a kanta ta fi tsanani tunda katakonta ya fi yawa.

Wanda ya je ga Lowden ya lura da abu ɗaya tun ranar farko da zai canza tsirkiya. Jakinta ba shi da turaku, ta bayansa ake zura tsirkiya a jawo. Ƙwallon ƙarfen da ke ƙarshen tsirkiyar yakan ja a kan fuska ya bar karce, musamman a masu fuskar cedar irin W01 da W03, domin cedar ya fi spruce laushi, farce ma yana lotsa shi. A shimfiɗa ɗan kwali ko tsohon katin waya a bayan jakin kafin a fara ja, a riƙe ƙwallon da yatsa har ya zauna a raminsa.